Ranar da Masu Harka Suka Ɗaga Hannu a Nuzla

Ku da kuke zaune a ofis mai sanyi, kowa da kwamfuta a cinya, kuna cewa neman tallafin ƙanjamau ba wani aiki ba ne, a kwafo takardar bara a canza shekara a aika, to ku gyara zama. Ni a Jidda na yi wannan sana'a, inda ba a kiran sunan cutar, masu ita ba su da takardar zama, wanda za ka roƙa kuma yana can wata ƙasa da ko hotonta ba ka taɓa gani ba. Aikin shi ne ka karɓi magana daga bakin da ba ya son faɗa, ka kai ta kunnen da ba ya jin Hausa, kuma kada ta zube a hanya. Na ga ranar da ta zube, kuma ita zan ba ku labari.

Aikin farko da aka ba ni koken wata tsohuwa ne 'yar Katsina. Lokacin ban daɗe da zama takari ba, wato na zo Hajji na ƙi komawa, na samu gindin zama wurin wani Basudane, Ammu Bashir, mai buga wa mutane takardar koke a kusa da Bab Makka. Tsohuwar nan iƙamarta, wato takardar zamanta, ce ta ƙare, amma sai da ta faro min daga akuyar da ta sayar ta biya kuɗin jirgi. Ni kuma sabon shiga, na buga komai. Ammu Bashir ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya tambaye ni ko akuyar ce ke neman iƙama. Daga nan ya koya min abin da na ci abinci da shi har na tsufa: ka saurari duk abin da mutum ya faɗa, amma abin da ya zo nema za ka rubuta.

Kayan aikina ba su da yawa. Tafireta ta Larabci ta maigida ce, ta Turanci kuma tawa, na saye ta hannu, harafi ɗaya ya karye, kuma shi ne harafin da Turanci ya fi so. Sai in gama bugawa in bi layi-layi ina cike gurbinsa da biro. Ga takardar kabon, ga ƙamus da bangonsa ya tafi, ga tabarma. Daga baya aka samu faks a shagon wani ɗan Pakistan a Ruwais, injin da ke cinye takarda in ya ga kana sauri. Masu zuwa wurina leburori ne da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko su aiki, ya riƙe wa fasfo, da mata masu talla, da dattawan da ke son a rubuta wa 'ya'yansu a gida cewa suna cikin daula, alhali a bayan shago suke kwana.

Da haka ƙungiyar zumuntarmu ta 'yan gida ta ɗauke ni magatakarda. Aikinta jinya da jana'iza, shugabanta kuma Alhaji Mamman tela, mutumin kirki mai saurin fushi, wanda bai taɓa cewa bai gane magana ba ko da bai gane ba. A shekarun nan ne muka fara binne mutane da wata irin rama. A ce shawara ce, a ce sammu ne, masu baƙin baki su ce kabari salamu alaikum. Ba wanda ke zuwa asibiti, don baƙon da gwaji ya nuna yana da ita gida ake mayar da shi, marar iƙama kuwa ko ƙofar ba zai tunkara ba.

Yanzu sai ku san 'yan daudun Nuzla, unguwarmu a Jidda. Maza ne masu magana da karairaya irin ta mata, sana'arsu abinci, kuma rabin gwagwaren unguwar daga tukunyarsu suke rayuwa. Da safe a zage su, da rana a bi layinsu da kwano. Babbansu Shu'aibu ne, wanda kowa ke kira Hajiya Zinaru. A tsakaninsu "ita" suke ce masa. Ni kuwa Shu'aibu nake ce masa in mun yi faɗa, Hajiya in ina jin yunwa. A bakinsa na koyi kalmar "masu harka". Haka mazan da ke neman maza 'yan'uwansu suke kiran kansu. Ba kowane ɗan daudu ne mai harka ba, ba kuma kowane mai harka ne ɗan daudu ba, wani ma da gemunsa da rawaninsa. Kalmar tana da rufin asiri, don a Jidda kowa da harkarsa, daga mai canji har mai dako.

Wata rana na je cin tuwo na tarar da Zinaru yana yankan kuɓewa a zaune, shi da ba ya zama. Wuyansa ya yi tsawo. Ya kori yaransa, ya gaya min wani ma'aikacin jinya ɗan Indiya ya gwada shi a ɓoye, kuma ita ce. Ya ji ana cewa yanzu akwai maganin da ke tayar da mutum, in dai ya samu yana sha kullum.

"Malam, ka rubuta wa Turawan nan naka," in ji shi. "Ka ce musu akwai wata tukunya a Nuzla da ke shirin rasa mai ita."

Na yi dariya don ya so in yi.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Kame ya yi tsanani, mota ta tsaya a bakin layi ta kwashe har mai wankin kai da kumfa a ka. Masu kawo min aiki suka ɓuya, faks kuma ya ci gaba da kawo min haƙuri. Masu ba da tallafi na Turai suka ce ƙasar da muke zaune mai arziki ce, ba ta cikin waɗanda ake taimaka wa. Na rubuta wa na gida, suka ce mutanenku ai ba sa gida. A cikin ƙungiya kuma dattawa suka ce in cire 'yan daudu daga takarda, kada a ja mana zagi. Na ce musu cuta ba ta duba rawani kafin ta shiga, kuma wanda kuka ci tuwonsa ba za ku ce ba ku san shi ba ranar da ya kwanta. Aka yi ta ja har aka gaji aka bar ni, ba don an yarda ba.

A ƙarshe wata gidauniya ta amsa da abin da ba haƙuri ba. Wata likitarsu Musulma za ta zo umra, za ta ba mu safiya ɗaya, kuma tana son ganin mutanen da idonta. Waɗanda ta fi son gani su ne waɗanda Turancinsu, in ka juya shi kai tsaye, yake cewa "maza masu kwana da maza". Kun san Bature da kunyar banza, ba zai faɗi abu da sunansa ba sai ya bi ta kan gado.

Na kira Alhaji Mamman daga wayar shagon faks, mutane cike a kaina. Ba dama in yi bayani. Na ce masa baƙuwa na zuwa, a tara masu harka a ɗakin saman shagonsa, Zinaru kuma zai yi girki. Ya ce, "Halas, an gama." Mutumin da ya riga ni zuwa Nuzla, ban taɓa kawo wa raina cewa bai san kalmar ba.

Ranar na ɗauko likita daga masauƙinta, mace mai natsuwa cikin baƙar abaya. Muna hawa bene na ga takalma sun cika matakala, na ce a raina ashe suna da yawa haka. Na ɗaga labule. Ga wani dattijonmu, Baba Nuhu mai tasbaha, a sahun gaba, da tabon sallarsa. Ga masu dabino, ga masu canji, ga masu jarkar zamzam, ga masu kai wa alhazai kaya filin jirgi. Kowa ya sha babbar riga, wasu har da samfurin haja a leda, don an gaya musu Baturiya ta zo da jari. Alhaji Mamman ya matso kunnena yana alfahari, ya ce duk wani mai harka na kirki a Nuzla yana ɗakin nan, ya tace su da kansa.

Likita ta yi sallama, suka amsa da ƙarfi. Ta yi godiya, ta ce ta san ba ƙaramar jarumta ba ce mutum irinsu ya fito fili a wannan ƙasa. Na fassara. Suka gyaɗa kai, don su kame suka ɗauka tana nufi. Sai ta ce in tambaye su, su waye a cikinsu ke kwana da maza.

A nan ne sana'a take, ku da kuke ganin sauƙinta. In na faɗi ma'anar, takalman da ke matakala a kaina za su ƙare. In na ce mata an yi kuskure, ta tashi ta tafi, Zinaru kuma yana bayan labule yana tuƙa tuwo da ciwonsa. Na ce bari in sayi lokaci, in juya maganar kalma da kalma, wataƙila su yi shiru, ni kuma in samu dabara. Na ce, "Tana tambaya, wa ke kwana da maza a cikinku?"

Hannu ya tashi ɗakin nan kaf. Har Alhaji Mamman, da ya tuna farkon zuwansa.

To ina za su kwana? Haya a Jidda ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ɗaki guda sai a cika shi kamar kifin gwangwani. Likita ta dube ni, ta dubi hannuwa, ta jawo alƙalami. Ta ce da mutum ɗaya ne ko da yawa. Baba Nuhu ya ce da yawa, kuma canzawa suke yi, lokacin Hajji ma baƙi ne zalla, wani ko sunansa ba ka sani ba sai da safe. Ta ce matansu na gida sun sani? Wani mai dabino ya ce ai tasa ce ma ta ba shi shawara, ta ce ya fi araha. Ta ce suna amfani da kariya? Suka yi ta kallon juna, sannan mai canji ya ce gidan sauro dai babu, sai fanka, ita ma ta maƙwabci ce.

Ni ina tsakiya ina fassarawa. Abin da suka faɗa nake faɗa mata, ban ƙara ba ban rage ba, kuma kowace kalma ƙarya take zama kafin ta isa. Likita har idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta zaga ƙasashen Musulmi da dama, ba ta taɓa ganin dattawa masu gaskiya irin waɗannan ba. Baba Nuhu ya ce a gaya mata gaskiya ai ita ce jarin ɗan kasuwa.

Shaiɗan ya raɗa min in bar ta a haka. Ga ɗaki cike, ga mai tallafi ta gamsu. Amma na san rahoton nan zai tafi, wata rana wani zai zo dubawa, kuma ranar da aka gane, ƙofar za ta rufe a kan masu cutar na gaske. Ga kuma dattawan mutane da za a rubuta a abin da ba su sani ba. Ina cikin wannan lissafi sai muka ji dariya daga bayan labule, irin wadda mutum ya daɗe yana dannewa. Dariyar ta koma tari mai tsawo. Sannan Zinaru ya shigo da tiren tuwo a ka, ya sauke shi a tsakiyar ɗaki, ya goge ido da gefen gyalensa.

"Malam, daina wahalar da bayin Allah," in ji shi. "Ni take nema." Ya juya ga taron. "Alhazai, ku sauke hannu. Ba kwanan haya ake nufi ba."

Ya yi musu bayani da Hausar da ba ta buƙatar tafinta. Ban taɓa ganin hannuwa sun ɓace cikin aljihu da sauri irin na ranar ba. Salati ya tashi ta ko'ina. Mai dabino ya ce a goge abin da ya faɗa game da matarsa. Alhaji Mamman ya dube ni kamar zai ɗinke min baki. Ni kuma na juya na gaya wa likita komai, ta rufe fuska da littafinta, kafaɗunta na rawa.

Da a nan Zinaru ya tsaya, da an tashi da dariya da zagi, kowa ya kama gabansa. Bai tsaya ba. Ya ce wannan baiwar Allah saboda ƙanjamau ta zo, kuma shi yana da ita. Ya ce ba shi kaɗai ba ne a unguwar, amma shi kaɗai zai faɗa, don shi an riga an gama zaginsa, ba sauran abin da za a ƙara.

Kowa ya san abin da ya ajiye a tsakiyar ɗakin tare da tiren: wa zai sake sayen abincinsa, kuma wa zai hana wani ya kai tsegumi a zo a ɗauke shi? Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji kunyar cewa ni mai sana'ar magana, shi ya faɗi abin da na kasa. Wani mai kai kaya filin jirgi ya miƙe, ya tofar da yawu, ya ce Allah ya tsine wa taron da aka gayyato shi, ya fita yana neman takalminsa da ƙarfi. Da yawa suka bi shi.

Baba Nuhu bai motsa ba. Ya ja tasbaharsa kaɗan, sannan ya ce in tambayi likita, cutar nan tana bin tuwo? Ta ce a'a. Ya ce miya fa? Ta ce ko kusa. Ya ce gaisawa da zama wuri ɗaya? Ta ce babu. Ya naɗe hannun riga.

"To yalla, Shu'aibu, miƙo kuɓewar nan. Halinka tsakaninka da Ubangijinka ne. Ni dai tun safe ban karya ba."

Waɗanda suka rage suka matso ɗaya bayan ɗaya. Likita ma ta zauna ta ci da hannu, tana yaƙi da yauƙi. Bayan an wanke hannu ta keɓe da Zinaru, ni ina tsakani, ya gaya mata yadda abin yake a Nuzla, ba sunan kowa.

Ba ta yi mana alkawarin banza ba. Ta ce gidauniyarsu ba ta da ikon kashe ko sisi a Jidda, amma tana da shi a gida Najeriya. Sai na sake takardar daga tushe. Na daina roƙon a kawo magani Nuzla, na roƙi a tallafa wa wani ƙaramin asibiti a Kano ya riƙa karɓar waɗanda aka dawo da su daga Saudiyya, ya ba su magani, kada a tambaye su da wa suke kwana, haya ko ba haya ba. Takardar ta yi ta kai da komowa, su gyara in gyara, Zinaru kuma yana ƙara zubewa, cinikinsa ya ragu sai na masu taurin kai irin su Baba Nuhu. Alhaji Mamman ya daina yi min magana, amma da aka ce sai shugaban ƙungiya ya sa hannu, ya sa, yana kallon bango. Daga ƙarshe aka amince.

Saura tafiya. Zinaru ba fasfo, ba kuɗin jirgi, sai hanyar da kowa ya sani: ka je ƙarƙashin gadar da masu son a mayar da su gida ke taruwa, ka jira a kama ka. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shiga cikin buhunan shinkafa in ya ji motar askarawa masu kame, yanzu shi ke ɗaga mata hannu tana wucewa, wai ta cika. Ya dawo yana mita, yana cewa ko kamun ma sai kana da hanya. Baba Nuhu ya riƙa raka shi da lema, yana zama nesa kaɗan kada a haɗa da shi. Alhaji Mamman ya aiko da sabuwar riga, ya ce kada a ce daga gare shi take, alhali duk Nuzla ta san ɗinkinsa. Ran da motar ta tsaya, Zinaru ya shiga yana yi wa askar godiya, har mutumin ya tsargu.

Watanni suka wuce ba labari, na fara shirin jin mummuna. Ana nan wata safiya ina cike haruffa da biro, wani ya tsuguna a gefen tabarmata. Mai kai kaya filin jirgin nan ne, wanda ya tofar da yawu. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya daɗe yana tambayar kuɗin buga takarda, sannan ya ce, ba ya kallona, wai wani abokinsa ne ke son sanin inda asibitin nan na Kano yake. Na kwatanta masa dalla-dalla, na ce ya gaya wa abokin nasa kada ya ɓata lokaci.

Bayan Sallah ɗan Pakistan ya aiko a kira ni, wai ana nemana a waya daga Najeriya. Na ɗauka, na ji murya cike da ƙiba, ana ta hayaniyar kwanuka a bayanta. Zinaru ne. Ya ce ya kafa tukunya a bakin asibitin, duk wanda jirgin Jidda ya sauke wurinsa yake fara biyowa, shi ke riƙe masa hannu ya shiga da shi. Ya zagi kuɓewar Kano, ya tambayi Baba Nuhu, sannan ya rage murya.

"Baƙonka ya iso, Malam. Ya fara shan magani. Jiya ya ci malmala biyu a wurina, yana ci yana kuka, na ce ya bari kada ya ɓata min miya. Kada ka gaya wa kowa sunansa."

Ban gaya wa kowa ba. Ku ma da kuka matso kuna jira, ba za ku ji ba.